HARBIN DAJI: CUTAR DA KE CIN TSOKAR SHANU

Ɗan'uwa manomi, da maraice ka ɗaure ɗan bijiminka lafiya lau. Da safe ka tarar yana ɗingishi, jikinsa da zafi, ya ƙi cin abinci. Kada ka ce targaɗe ne. Duba cinyarsa da kafaɗarsa. In ka ga kumburi, danna da yatsa. In ka ji yana ƙas-ƙas kamar busassun ganye, to, harbin daji ne.

Ba maye ba ne, ba iska ba ne. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Tana zama cikin ƙasa shekara da shekaru. Dabba ta haɗiye ta tare da ciyawa, jini ya kai ta cikin tsoka, ta kwanta shiru. Ran da tsokar ta bugu, ko da sanda, ko da ƙaho, ko wajen faɗuwa, sai ƙwayar ta farka, ta yi ta haihuwa, tana zuba dafi. Dafin ya kashe tsokar. Naman wurin ya yi baƙi, ya cika da kumfar iska, yana warin tsohon man shanu. Wannan iska ce ka ji ƙarƙashin yatsanka. Daga nan dafin ya bi jini, dabba ta mutu cikin kwana 1 ko 2.

Cutar ta fi yawa da damina. Ta fi kama shanu masu wata 6 zuwa shekara 2, kuma masu ƙiba ta fi so. Ka ga ke nan, wanda ka fi kashe wa dusa da harawa, wanda kake shirin koya wa huɗa, shi ne cikin hatsari.

Ga abin yi:

1. Kai shanunka rigakafi kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Allurar tana bukatar kamar mako 2 kafin ta kama.

2. In ka ga alamar, kira likitan dabbobi nan take. Penisilin yana aiki in an yi shi da wuri ƙwarai.

3. In dabba ta mutu, kada ka feɗe ta, kada ka ja ta ƙasa. Ƙone ta, ko ka binne ta cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba. Jininta shi ke shuka cutar a makiyaya.

Kuɗin allura kaɗan ne, kuɗin sa kuwa ka san shi. Karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu.