Yadda Jini Ke Kai Abinci Da Iska Ga Tsokokin Jiki

Sau da yawa a lokacin damina mukan ji manomi yana kukan cewa ya ci ya ƙoshi, amma da ya kama fartanya, kafin ya kai ƙarshen kunya biyu sai haki da jiri su tsayar da shi. A wannan bayani za mu duba hanyar da abinci ke bi kafin ya zama ƙarfi, da kuma inda matsalar takan taso.

Tuwon da muka ci yana narkewa a ciki da ƙaramin hanji, ya koma sukari mai sauƙi da ake kira gulukos. Daga nan jini ke ɗaukarsa zuwa hanta, ita kuma ta adana wani kaso, ta saki saura gwargwadon buƙata. To amma sukari kaɗai ba ya isar tsoka ta daɗe tana aiki, kamar yadda itace ba ya ci a murhun da aka toshe. Tilas sai da iskar oksijin.

Wannan iska ta huhu take shiga jini, kuma jajayen ƙwayoyin jini ne ke dakonta. A cikinsu akwai sinadarin hemogulobin, wanda ke ɗauke da ƙarfe, shi ne ke riƙe iskar har ya sauke ta a tsoka, sannan jinin ya kwaso gurɓatacciyar iska ya mayar huhu a fitar da ita. Tun a ƙarni na 13 likitan nan Ibn Nafis, wanda ya rayu a Alƙahira, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu.

Baligi yana da jini kimanin lita 5, kuma a lokacin hutu zuciya takan zagaya da kusan dukkansa cikin minti ɗaya. Idan aka shiga aikin ƙarfi kamar huɗa ko daka, takan ninka haka har sau huɗu, mafi yawansa kuma ya nufi tsokokin da ke aiki.

A nan ne muke son jama'a su lura. Kowace jar ƙwayar jini kwana 120 kawai take yi, don haka ɓargo ba ya hutawa da ƙera sababbi, kuma ba zai iya ba sai da sinadarin ƙarfe. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa waɗannan ƙwayoyi. Tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa tana tsotsar jini a hanji. Mai juna biyu kuwa buƙatarta ta fi ta kowa. Duk wanda jininsa ya yi ƙaranci, ko da rumbunsa cike yake, tsokarsa na cikin yunwar iska, kuma ba daidai ba ne a kira shi rago.

Saboda haka muna kira ga magidanta da su riƙa haɗa tuwo da wake, zogale, alayyahu, kifi ko hanta idan ta samu. Lemo da gwaiba suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen, shayi kuwa yana rage shi idan aka sha tare da abinci. A kwana cikin gidan sauro, a sanya takalmi a gona. Haka nan muna roƙon dagatai da masu unguwanni su ƙarfafa wa mata zuwa awon ciki. Wanda ya ga tafin hannunsa ko cikin fatar idonsa ya yi fari, ya je asibiti mafi kusa a auna jininsa kafin ya sayi maganin ƙarin jini a kasuwa.