Zawarcin 'Yan Wasa da Yawan 'Yan Kallo a Gasar Ƙwallon Kwando ta Jami'o'in Amurka

Gabatarwa

A ranar Lahadi, 7 ga watan Afrilu, 2024, kusan mutum miliyan 19 suka kalli wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na mata ta talabijin a Amurka, inda Jami'ar South Carolina ta doke Jami'ar Iowa. Kashegari da dare aka yi na maza tsakanin Connecticut da Purdue, amma masu kallonsa ba su cika miliyan 15 ba. Tun da aka fara gasar mata ba a taɓa ganin haka ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa yawan 'yan kallo yana bin abubuwa biyu, watau yadda ake baje wasa a gaban jama'a, da kuma yadda jami'o'i ke samo 'yan wasa su riƙe su har jama'a su saba da su.

Asalin Gasannin Biyu

James Naismith ne ya ƙago ƙwallon kwando a garin Springfield cikin 1891, kuma shekara guda bayan haka wata malama, Senda Berenson, ta koya wa ɗalibanta mata a Kwalejin Smith. Ashe ke nan maza ba su riga mata fara wasan da wani lokaci mai tsawo ba. Inda suka yi musu nisa shi ne wajen shirya gasa. Ƙungiyar wasannin jami'o'i, wadda ake kira NCAA, ta fara gasar maza a 1939 da jami'o'i 8, ta kai su 64 a 1985, sannan 68 a 2011. Ita kuwa gasar mata sai a 1982 ƙungiyar ta ɗauke ta, shekara 10 bayan dokar ilmi ta 1972, wadda babinta na tara ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Tazarar shekara 43 ke nan, kuma a cikinta ne gasar maza ta kafu a gidajen mutane. Wasan ƙarshe na 1979, wanda ya haɗa Magic Johnson da Larry Bird, an ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 35 suka kalle shi.

Yadda Ake Zawarcin Ɗan Wasa

A Amurka jami'a ce babbar hanyar da ɗan wasa ke bi kafin ya zama ƙwararre mai cin albashi. Saboda haka masu horarwa kan bi makarantun sakandare da gasannin hutun bazara suna duba yara. In sun ga wanda ya yi musu, sai su je har gida su zauna da iyayensa, su kuma gayyace shi ya zo ya ga makarantar. Neman yakan ƙetare teku, kamar yadda Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980. A da abin da ake miƙa wa yaro shi ne karatu kyauta, da wurin kwana, da abinci. Har zuwa 2025, manyan jami'o'i ba su da ikon ba da irin wannan gurbi fiye da 13 ga maza, 15 ga mata.

Shekara da shekaru dokar NCAA ta haramta biyan ɗan wasa kuɗi, alhali kuwa kuɗin da wasan ke jawowa ba kaɗan ba ne. A 2010 kamfanonin CBS da Turner suka sayi iznin nuna gasar maza na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. Daga cikin wannan kuɗi ake raba wa rukunonin jami'o'i kaso, gwargwadon yawan wasannin da ƙungiyoyinsu suka yi a gasar. Watau gwanin ɗan wasa yana kawo nasara, nasara ta kawo kuɗi da suna, su kuma su jawo wani gwanin. Inda riba ta kai haka, doka kuma ta toshe ƙofa, sai a nemi taga. A 2017 hukumar FBI ta kama mutum 10, ciki har da mataimakan masu horarwa 4, bisa zargin cin hanci a harkar 'yan wasan maza. Daga baya dokar ta sassauta. A 2021 aka yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa ta hanyar talla, aka kuma sauƙaƙa masa sauya makaranta, sannan a 2025 wani sulhu da aka yi a kotu ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye.

Halin da Gasar Mata ta Shiga

A da gasar mata ba ta cikin waccan da'ira ta kuɗi. An haɗa ta ne da wasu gasanni da dama aka sayar wa tashar ESPN a dunƙule, kan kimanin dala miliyan 34 a shekara, kuma ba a ba jami'a ko sisi don ƙungiyarta ta mata ta yi nasara. Hujjar da ake kafawa ita ce wai jama'a ba sa son kallon mata. Amma daga 1996 zuwa 2022 ba a nuna wasan ƙarshensu sai a tashar da ake biya kafin a kama.

Asiri ya tonu a 2021, lokacin da wata 'yar wasan Jami'ar Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki hoton 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata a San Antonio, ta gwada su da katafaren ɗakin da aka shirya wa maza. Lauyoyin da aka ɗauka su binciki al'amarin suka ƙiyasta cewa gasar mata ita kaɗai za ta iya kawo tsakanin dala miliyan 81 da 112 a shekara. A 2022 aka kai ta jami'o'i 68, aka kuma bar ta ta yi amfani da sunan nan na March Madness, watau haukan watan Maris, wanda a da na maza ne kawai. A 2023 aka nuna wasan ƙarshe a tashar ABC, wadda kowa ke kamawa kyauta, masu kallo suka kusa miliyan 10. Gani ya kori ji.

Muhimmancin Sabo

Akwai kuma wani dalili da ya shafi zawarci kai tsaye. Tun 2006 ƙungiyar ƙwararru ta maza, NBA, take ɗaukar yaro in ya kai shekara 19, ya kuma yi shekara guda da barin sakandare. Sakamakon haka fitattun maza da yawa kan yi shekara ɗaya tak a jami'a su wuce, kafin 'yan kallo su riƙe sunansu. Ƙa'idar da ƙungiyar ƙwararru ta mata ta bi a waɗannan shekaru kuwa ita ce sai mace ta kai shekara 22 ko ta gama karatu. Don haka mai horarwar da ya samo gwana yakan more ta shekara huɗu. Caitlin Clark, 'yar asalin jihar Iowa, ta yi wa jami'ar jiharta wasa daga 2020 zuwa 2024, ta ci maki 3,951, ta zarce 3,667 da Pete Maravich ya kafa tun 1970. Jama'a sun ga tasowarta shekara bayan shekara, suka shaƙu da ita, har wanda bai damu da wasan ba ya so ya ga ƙarshen labarin.

Sai dai bai kamata a ɗora wa shekara ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinta ba. A 2024 wasan maza ne aka nuna a tashoshin biya, na mata kuwa a ta kyauta. Da aka zo 2025, Clark ta tafi, wasan maza ya koma CBS ya sami kimanin mutum miliyan 18, na mata ya sauka zuwa wajen miliyan 8 da rabi. Duk da haka wannan adadi ya zarce na kowace shekara tsakanin 1996 da 2022.

Kammalawa

A sabuwar yarjejeniyar da aka ƙulla da ESPN a 2024 an yi wa gasar mata kuɗi dala miliyan 65 a shekara, kuma a 2025 aka fara raba wa jami'o'i kaso saboda nasarar matansu. Har yanzu da sauran rata mai faɗi tsakanin gasannin biyu, amma jami'a ta sami dalilin kashe kuɗi wajen neman gwanar 'yar wasa kamar yadda take neman gwani. Abin lura ga ɗalibi da ma'aikacin da ke rabon kasafi shi ne, alƙaluman 'yan kallo na shekarun baya sun auna abin da aka nuna wa mutane ne kurum. Ba a cewa kaya ba su da kasuwa alhali suna ƙulle a rumbu.