Ƙibar Yaro Da Ƙarfin Zuciyarsa

A Kiyako da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, idan yaro ya yi ɓul-ɓul, sai a ce masha Allahu, gidansu akwai abinci. Ba abin mamaki ba ne, domin tamowa ce aka fi sani a nan. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Amma ƙiba mai yawa ita ma ciwo ce, kuma zuciya take fara wahalarwa.

Zuciya kamar injin ban ruwa take a fadama. Aikinta tura jini ko'ina cikin jiki, dare da rana. Girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Idan kitse ya yi yawa, shi ma yana bukatar jini. Gona ta ƙaru ke nan, inji kuwa yana nan yadda yake. Sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri don ta cim ma aikin.

Ana gane wannan a filin wasa. Yaro mai ƙiba yakan riga sa'o'insa yin haki a tsere ko langa. Da ya gaji sai ya koma gefe ya zauna, wani lokaci ma don gudun tsokana. Zaman nan kuwa shi ke ƙara masa ƙiba, zuciyar ta ƙara rauni. Irin wannan yaro ya fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon suga idan ya girma.

Da can yara na zuwa kiwo da ɗebo ruwa, su tafi makaranta a ƙasa. Yanzu ga babur, ga kallo a waya, ga biskit da alewa a kowane shago. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga wajen ƙaramin cokali 9.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na awa ɗaya kullum. Ƙwallo, langa, gaɗa da hawan keke duk sun isa. Ko nauyin yaro bai ragu ba tukuna, wasan yana ƙarfafa zuciyarsa. Kada a hana shi abinci. A rage masa zaƙi da soye-soye, a ƙara masa wake, zogale da gwanda. Jariri mai shan nono kuwa ba ya cikin wannan magana, a ci gaba da ba shi nono.

Sai dai a lura, kumburi daban, ƙiba daban. A danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa. Idan wurin ya lotsa bai taso da wuri ba, wannan kumburi ne, sau da yawa na tamowa. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, a auna shi.