Ƙwaya Ɗaya Ko Tari: Saɓanin Masana Kan Kimiyyar Kwantam

Kimiyyar kwantam reshe ce ta fiziks da ke nazarin ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra da ilektron. A 1926 Erwin Schrödinger ya fito da lissafin da ke bayyana halin da ƙwaya take ciki. A wannan shekarar kuma Max Born ya nuna cewa lissafin ba ya faɗin inda za a sami ilektron, yiwuwar samunsa a nan ko can kawai yake bayarwa. Daga nan gardama ta tashi: shin lissafin ƙwaya ɗaya yake siffantawa, ko tarin ƙwayoyi da aka shirya iri ɗaya?

Niels Bohr da Werner Heisenberg sun ce cikakken bayani ne na ƙwaya ɗaya. A wurinsu, kafin a yi awo ilektron ba shi da tsayayyen wuri, awon ne ke tsayar da sakamako. Albert Einstein bai gamsu ba. Shi yana ganin lissafin tari yake magana a kai, kamar yadda manomi ke sanin yawan irin da zai tsiro daga mudu guda amma bai san wace ƙwaya ce za ta ruɓe ba. Leslie Ballentine ya tsara wannan ra'ayi dalla-dalla a 1970.

Gwajin Akira Tonomura a kamfanin Hitachi na Japan a 1989 ya fito da lamarin fili. An riƙa harba ilektron ɗaya bayan ɗaya ta na'ura mai hanya biyu. Kowanne ya faɗa kan allo a matsayin ɗigo guda, ba mai iya cewa ga inda zai sauka. Sai da dubbai suka taru, zane mai ratsi-ratsi ya bayyana daidai yadda lissafi ya faɗa.

Yanzu ana iya tsare ƙwaya ɗaya a yi mata awo. Aikin da ya ba Serge Haroche da David Wineland kyautar Nobel a 2012 ke nan. Duk da haka, ba a tabbatar da yiwuwa sai an maimaita gwaji sau da yawa.

A Jami'ar Douala akwai cibiyar CEPAMOQ mai binciken ƙwayar zarra da hasken kwantam. Ɗalibanta da takwarorinsu na duniya lissafi ɗaya suke amfani da shi, domin ra'ayoyin biyu sakamako ɗaya suke hasashe. Saɓanin yana kan ma'ana ne, kuma har yau babu gwajin da ya raba gardamar.