Gashi ko Kemo: Wanne Ya Fi Magance Sankarar Hanci?

Gabatarwa

Akwai wata irin sankara da ke kama cikin hanci, wadda likitoci ke kira limfomar NK/T. Ba kasafai ake samun ta ba, amma ta fi yawa a ƙasashen Sin, Japan, Koriya, Meziko da Peru. Tana tasowa ne daga ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964. Takan fara kamar mura: toshewar hanci, majina da yawan haɓo. Idan aka yi sakaci sai ta ci karan hanci, har ta huda ganda. Wannan ɗan rubutu zai kwatanta hanyoyi biyu da ake bi wajen magance ta.

Gashi

Gashi shi ne a auna wurin da ciwon yake da na'ura, a ƙona ƙwayoyin cutar da wani haske mai ƙarfi. Wannan sankara ba ta jure gashi. Galibi akan ba majiyyaci awo 50 na Giray ko fiye, a rarrabe, kwana biyar a mako, har kimanin mako biyar zuwa shida. Illarsa ita ce bushewar baki, gyambon baki da gushewar ɗanɗano. Babban rauninsa kuwa, inda aka haska kaɗai yake warkarwa. Ƙwayoyin da suka riga suka tsere zuwa fata ko hanji ba ruwansa da su.

Kemo

Kemo magani ne da ake sawa ta jijiya, ya zagaya jiki baki ɗaya. To, mai karatu zai zaci shi ya fi. Abin mamaki, haɗin magungunan da ake kira CHOP, wanda ke aiki a kan sauran limfoma, a nan ya gaza. Dalili shi ne ƙwayoyin wannan sankara suna da wani furotin a jikinsu mai aiki kamar famfo, yana fitar da maganin waje kafin ya yi tasiri.

Al'amarin ya canza da aka koma ga maganin asparaginase. Ƙwayoyin sankarar ba sa iya haɗa wani sinadari mai suna asparagine da kansu, sai dai su tsotsa daga jini. Maganin yakan ƙarar da sinadarin, sai yunwa ta kashe su, kuma famfon ba ya iya korar sa. A 2011 masu bincike daga Japan da maƙwabtanta suka buga sakamakon haɗin SMILE, mai ɗauke da wannan magani, ya kuma taimaki waɗanda cutar ta yi wa nisa. Sai dai yana karya garkuwar jiki ƙwarai, yana kuma iya taɓa hanta.

Kammalawa

Ashe ba gasa ake yi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ciwon yana cikin hanci kaɗai, gashi ne ginshiƙi, akan kuma haɗa shi da kemo don a tare ƙwayoyin da suka ɓuya. Idan ya bazu, kemo mai asparaginase ne kan gaba. Abin da ke raba tsakani shi ne lokacin da aka gano cutar. Saboda haka, toshewar hanci mai haɓo da ta ƙi jin magani ba ta shago ba ce. A je ga likitan hanci, kunne da maƙogwaro, domin sai an ɗebi ɗan nama an gwada ake tabbatar da ita.