Kashi 100 a bac: abin da jerin gwanayen makarantu masu zaman kansu ke nunawa, da abin da yake ɓoyewa

Duk shekara, a wajajen watan Maris ko Afrilu, ma'aikatar ilimi ta Faransa kan fitar da alƙaluman sakamakon bac na kowace makarantar lise a ƙasar. Nan da nan jaridu irin su Le Figaro da Le Parisien da mujallar L'Étudiant sukan jera makarantun daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Idan an gina jerin a kan yawan ɗaliban da suka ci da maki mai yawa, sunayen da ke sama ba su cika sauyawa ba: Stanislas da Saint-Louis-de-Gonzague masu zaman kansu, da Henri-IV da Louis-le-Grand na gwamnati, dukkansu a birnin Paris.

Haka abin yake a Kamaru, inda hukumar jarrabawar bac, wato OBC, ke fitar da nata jerin, kuma makarantun Katolika irin su Jean Tabi da Vogt a Yaoundé da Libermann a Douala suka saba zama a sahun gaba. Magidanci a unguwar Briqueterie ko New-Bell, ko ɗan kasuwa a Garoua ko N'Djamena, kan duba irin wannan jeri kafin ya yanke shawarar inda zai zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Don haka yana da kyau a san yadda ake haɗa waɗannan alƙaluma, kuma Faransa ce ta fi bayyana nata a fili.

Inda ake rububin shiga

A Faransa, ba jami'a ce ƙololuwar buri ba. Manyan makarantun da ake kira grandes écoles su ne ke yaye mafi yawan manyan injiniyoyi da shugabannin kamfanoni da manyan ma'aikatan gwamnati. Cikinsu akwai École polytechnique da aka kafa a 1794, da École normale supérieure, da HEC ta harkar kasuwanci. Hanyar da aka fi bi zuwa can ita ce ajin share fage na shekara biyu bayan bac, wanda ake kira prépa, sannan jarrabawar gasa mai kujeru ƙayyadaddu.

Waɗannan azuzuwa a cikin makarantun lise suke, kuma ba daidai suke ba. Louis-le-Grand, inda Léopold Sédar Senghor ya yi karatu tare da Georges Pompidou, da Sainte-Geneviève ta Versailles, wadda limaman Jesuit suka kafa a 1854, suna cikin waɗanda suka fi tura ɗalibai Polytechnique. Shugaba Emmanuel Macron ma ta irin wannan hanya ya bi: ya fara a La Providence, makarantar Jesuit mai zaman kanta a Amiens, ya ƙarasa a Henri-IV.

Wani bincike da cibiyar Institut des politiques publiques ta wallafa a Janairun 2021 ya nuna cewa rabin ɗaliban grandes écoles mafi wahalar shiga sun fito ne daga kashi 8 cikin 100 kacal na makarantun lise. Mai karanta wannan adadi zai iya cewa ai magana ta ƙare, waɗannan makarantu sun fi kowa iya koyarwa. Sai dai adadin bai faɗi irin yaran da suka shiga makarantun tun farko ba.

Masu zaman kansu, amma gwamnati ke biyan malamai

Tun dokar Debré ta 1959, makarantar da ba ta gwamnati ba na iya ƙulla yarjejeniya da hukuma: ta koyar da manhajar ƙasa, gwamnati kuma ta biya albashin malamanta. Ɗalibai kusan miliyan biyu, wato kimanin kashi 17 cikin 100, suna irin waɗannan makarantu, kuma mafi yawansu na cocin Katolika ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin tafiyar da su daga baitulmali yake fitowa, shi ya sa kuɗin makarantar bai kai na Ingila ko Amurka ba.

Babban bambancinsu da na gwamnati shi ne ƴancin zaɓen ɗalibi. Makarantar gwamnati tana karɓar wanda tsarin rabon gurabe ya turo mata. Ko Henri-IV da Louis-le-Grand, da suka daɗe suna tace takardun masu nema da kansu, an shigar da su tsarin rabon Paris mai suna Affelnet a 2022, tare da ware gurabe ga ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi. Mai zaman kanta kuwa tana duba makin yaro, ta gana da iyayensa, ta karɓa ko ta ƙi.

Sakamakon haka ya bayyana a rahoton kotun binciken kuɗi ta ƙasar, Cour des comptes, na Yunin 2023: ƴaƴan gidaje masu hali sosai sun tashi daga kashi 26.4 na ɗaliban waɗannan makarantu a shekarar 2000 zuwa kashi 40.2 a 2021. Batun ya ƙara zafi a Janairun 2024, lokacin da sabuwar ministar ilimi Amélie Oudéa-Castéra ta kare sanya ƴaƴanta a Stanislas da cewa ana yawan rasa darussa a makarantar gwamnati. Ba ta cika wata guda a kan kujerar ba.

Yadda ake kaiwa kashi 100

A ƴan shekarun nan, sama da kashi 90 cikin 100 na masu zama bac a Faransa suna ci. Ke nan makarantar da ta rubuta kashi 100 a ƙofarta ba ta yi wa matsakaiciyar makaranta nisa sosai ba. Kuma akwai hanyoyi biyu na kaiwa wannan adadi ba tare da an fi kowa koyarwa ba. Ta farko, a ɗauki yaran da dama can su ne na gaba a ajinsu. Ta biyu, a sallami masu rauni kafin shekarar jarrabawa, ko a shawarci iyayensu su nemi wani wuri.

A ɗauki misalin makarantu biyu da kowace ta karɓi yara 100 a ajin seconde. Ta farko ta kai 70 ajin terminale, duka suka ci, ta sami kashi 100. Ta biyu ta riƙe yaranta duka, 90 suka ci, ta sami kashi 90. A jerin jarida ta farko ce a sama, alhali ta biyu ta ba yara 20 ƙarin takardar bac.

Ma'aunin da ya fi adalci

Saboda wannan ne ma'aikatar ilimi ba ta tsaya kan adadi ɗaya ba. Ma'aunanta, da ake kira IVAL, uku ne. Akwai yawan waɗanda suka ci cikin waɗanda suka zauna. Akwai yawan waɗanda suka ci da yabo, wato mention, daga maki 12 cikin 20 zuwa sama. Sai na ukun, taux d'accès, wanda ke nuna damar da yaron da ya shiga seconde yake da ita ta samun bac a wannan makarantar ba tare da ya bar ta ba. Wannan na ukun shi ke tona asirin makarantar da ke zubar da ɗalibai a hanya.

Ga kowane ma'auni, ma'aikatar kan lissafa abin da ake sa ran makarantar ta samu bisa irin yaran da ta karɓa: shekarunsu, sana'ar iyayensu, da makin da suka zo da shi daga jarrabawar brevet. Tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da aka samu ita ce valeur ajoutée, wato abin da makarantar ta ƙara da hannunta. Idan aka yi jeri da wannan, sunaye kan sauya. A 2013, Averroès ta birnin Lille, makarantar Musulmi mai zaman kanta da ke da ƴaƴan talakawa da yawa, ita ta zo ta ɗaya a jerin Le Parisien.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A Ingila, gidauniyar Sutton Trust ta bayyana a 2018 cewa makarantu takwas sun tura ɗalibai 1,310 jami'o'in Oxford da Cambridge cikin shekara uku, yayin da wasu makarantu kusan 2,900 suka tura 1,220 gaba ɗayansu. Shida daga cikin takwas ɗin masu zaman kansu ne, ciki har da Eton da Westminster, kuma dukkan shidan da jarrabawa ake shigarsu.

Masana sun nemi hanyar raba tasirin makaranta da na zaɓen ɗalibi. A Kenya, Adrienne Lucas da Isaac Mbiti sun kwatanta yaran da suka shiga fitattun makarantun ƙasa da ƙyar da waɗanda maki kaɗan ya hana su shiga. A binciken da suka wallafa a 2014, ba su ga wani bambancin a zo a gani ba a sakamakon ƙarshen sakandare na rukunonin biyu. Makarantun gwamnati ne aka bincika, amma darasin ya shafi duk makarantar da ke tace masu shigarta.

Wannan bai nuna cewa suna ba ya amfani ba. Babbar makaranta tana da malaman da suka san ƙa'idojin gasar ciki da waje, da tsofaffin ɗalibai masu buɗe ƙofa. A dandalin Parcoursup, wanda ake neman gurbin karatu ta cikinsa tun 2018, masu tantancewa suna ganin sunan lise ɗin da ɗalibi ya fito, har Cour des comptes ta ba da shawara a 2020 a riƙa ɓoye shi. Abin da suna ke sayarwa, galibi, sanin hanya ne da mutane.

Ga iyaye a Kamaru, Chadi da Nijar

Yaron da ya yi makarantar Faransa ta ƙetare, kamar Fustel de Coulanges a Yaoundé, Dominique Savio a Douala ko Montaigne a N'Djamena, bac ɗin Faransa yake samu, kuma ta Parcoursup yake neman gurbi. Mai bac na ƙasarsa kuwa, idan shekarar farko ta jami'a yake so, sai ya bi ta Campus France. Tun 2019 kuma an ɗora wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin rajista wanda a waccan shekarar ya fara daga Yuro 2,770 a shekara a matakin licence, fiye da sefa miliyan 1.8, ko da yake jami'o'i da dama sun riƙa yafe shi. Akwai kuma azuzuwan prépa a nahiyar, kamar na INP-HB a Yamoussoukro, waɗanda ɗalibansu ke cin gasar Polytechnique.

Kafin biyan kuɗi, akwai tambayoyin da uba ko uwa ke da haƙƙin yi wa shugaban makaranta. Yara nawa suka shiga seconde shekara uku da suka wuce, kuma nawa daga cikinsu suka zauna bac da sunan makarantar? A Kamaru, inda jarrabawar probatoire ke tace ɗalibai a ƙarshen ajin première, nawa suka faɗi, kuma an bar su su maimaita a nan? Ana tura masu rauni su yi rajista a matsayin candidat libre don kada su ɓata lissafi? Idan an ce tsofaffin ɗalibai suna manyan jami'o'i, su nawa ne, a wace shekara, kuma da tallafin karatu ko da kuɗin iyayensu?

Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Makarantar da ke da waɗannan alƙaluma a rubuce ba za ta ji nauyin nuna su ba. Yaro mai matsakaicin ƙoƙari kuma, wanda shi ne mafi yawa a kowane gida, ya fi bukatar wadda za ta riƙe shi har ranar jarrabawa.