Mudun Awa: Abin Da Littafin 'The Associate' Ke Tuna Wa Ɗalibin Lauya Musulmi

A shekarar 2009 marubucin nan na Amurka, John Grisham, wanda shi kansa ya yi aikin lauya a jihar Mississippi, ya fitar da ƙagaggen labari mai suna "The Associate". Ba littafin addini ba ne, kuma akwai wurare a cikinsa da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Amma mun ga ya dace mu tattauna shi a wannan shafi, domin ya taɓo tambayar da ke jiran duk ɗalibin da ke mafarkin babban albashi: me za ka bayar kafin a ba ka?

Tauraron labarin, Kyle McAvoy, haziƙi ne a makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Yale. Niyyarsa ita ce ya fara da kare marasa galihu. Sai wasu mutane suka zo masa da faifan bidiyo na wani mummunan dare daga zamanin karatunsa, suka tilasta masa shiga Scully & Pershing, wani ƙasurgumin kamfanin lauyoyi da marubucin ya ƙirƙira a birnin New York, domin ya sato musu takardun wata shari'a tsakanin kamfanonin ƙera kayan yaƙi biyu.

Barazanar ita ce ƙashin bayan labarin, amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne rayuwar ofishin. A irin waɗannan kamfanoni, awa ita ce hajar da ake sayarwa. Lauya yana rubuta lokacinsa, galibi minti shida-shida, kamfani kuma ya caji mai shari'a. Da yawansu suna sa ran ƙaramin lauya ya kawo kimanin awa 2,000 a shekara, ban da lokacin da ba a caji kowa ba. Daga nan barci yake raguwa, iyali su zama baƙi, zuciya kuma ta fara raya wa mutum ya mayar da rabin awa ta zama awa guda.

A nan ne Musulunci yake da magana. Suratul Muɗaffifin ta yi alƙawarin azaba ga masu tauye mudu da sikeli. Muna yawan jingina wannan gargaɗi ga mai auna hatsi a kasuwa, alhali takardar lissafin lokaci ita ma mudu ce. Wanda ya karɓi kuɗin awar da bai yi aikinta ba ya ci dukiyar wani da ƙarya, ko da kwat yake sanye da ita.

Ba aikin lauya muke zargi ba. Malaman fiƙihu sun halatta mutum ya wakilta wani ya tsaya masa a gaban alƙali. Sai dai aya ta 105 a Suratun Nisa'i ta hana zama mai kare maha'inta. Haka nan a hadisin Ummu Salama (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗin cewa wanda iya magana ta sa aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. Game da gajiya kuwa, mu tuna nasihar Salmanul Farisi ga Abu Darda'i (RA) cewa Ubangiji da jiki da iyali kowanne yana da haƙƙi a kan mutum, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Idan nafila ba ta halatta tauye haƙƙin iyali ba, ina ga albashi?

Kyle bai samu sauƙi ba sai da ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya, wani lauya a ƙaramin garin York, ya kuma kai maganar ga hukuma. Ya bar kamfanin, duk da cewa wanda ya yi masa barazanar ya tsere.

Mu iyaye, mu riƙa tambayar 'ya'yanmu yadda suke samu, ba nawa suke samu kaɗai ba. Ku kuma ɗalibai, kafin ku sa hannu a takardar aiki, ku san iyakar da ba za ku tsallake ba: salla a kan lokaci, lissafi na gaskiya, da ƙin tsaya wa zalunci. Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa.